Shin Abuja ƙasar Zazzau ce, ko suna kawai aka ara?

Bazazzagin_Kwarbai:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da na daɗe ina ji a bakin manya a cikin Birnin Zariya, cewa Abuja ƙasar Zazzau ce, kuma gwamnatin tarayya ta gina babban birninta ne a kan gadon kakanninmu. Hujjarsu ita ce Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ne ya yi kudu da jama'arsa a lokacin jihadi, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin da ya ci sunansa. Ina roƙon masana su warware mini abu biyu. Na farko, shin Yankin Babban Birnin Tarayya na yau shi ne waccan ƙasa ta Abu Ja? Na biyu, mene ne a jikin ƙasar wurin da ya sa aka zaɓe ta, aka tsallake Kaduna wadda ta riga ta zama birni tun zamanin Turawa?

Malam_Tudun_Jukun:
Wa alaikumus salam. Malam Bazazzagi, bari in ɗauki tambayar farko, tunda tarihi nake koyarwa. Lokacin da Malam Musa ya zo da tutar Shehu ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, ruwayar mutanen Suleja ta ce an riski Makau ne a filin idi, a bayan ganuwa, bai sami damar komawa cikin gari ba, sai ya nausa kudu da waɗanda suka bi shi, ya ratsa ta Kajuru, daga bisani ya sauka a Zuba a wurin mutanen ƙabilar Koro. Makau bai gina gari ba, yaƙi ya yi ta yi har ya rasu a 1825 a wajen Lapai. Ƙanensa Abubakar Jatau, wato Abu Ja, shi ya gaje shi, shi ne kuma ya kafa garin Abuja a 1828, ya kewaye shi da ganuwa. Bayansa aka yi Abu Kwaka daga 1851, sannan Ibrahim Iyalai, wanda ake wa laƙabi da Dodon Gwari, daga 1877 har zuwa 1902 da Turawa suka shiga garin. Sarakunan wannan gida ba su taɓa sakin sarautar Sarkin Zazzau ba, kuma duk hare-haren da aka kai musu daga Zariya ba a ci garin ba.

Abin lura shi ne wannan gari da Abu Ja ya kafa ba ya cikin Yankin Babban Birnin Tarayya. Shi ne Suleja ta jihar Neja. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979.

Direban_Kwangila:
Malam ya faɗi gaskiya, kuma duk wanda ke bin hanyar nan zai gani da idonsa. Idan na ɗauki fasinja daga Kwangila a Zariya, sai na wuce Kaduna, na wuce Kateri da Jere da Tafa, na shiga jihar Neja a wajen Sabon Wuse, na bar mahaɗar Dikko, na bar Suleja a hannun dama, na wuce Dutsen Zuma a wajen Madalla, sannan in na isa Zuba in ce na shiga ƙasar Abuja. Ita ma ƙasar tana canzawa a hanya. Daga Jere zuwa gaba itatuwa sun fi kauri, duwatsu suna yawaita, a gefen titi kuma maimakon buhunan masara da barkono irin na wajenmu, doya za ka gani an jera kashi-kashi, da buhunan gawayi a tsaye an toshe bakinsu da ganye. A watan Afrilu nakan baro Zariya da ƙura a jikin gilashi, in tarar da ruwan sama a Tafa.

Malamar_Samaru:
Abin da Malam Direba ya gani a hanya yana da bayani a ilimin ƙasa, kuma a nan ne amsar tambaya ta biyu take. Faɗin yankin ya kai murabba'in kilomita 7,315, jihar Neja ta kewaye shi ta yamma da arewa, Kaduna ta taɓa shi ta arewa maso gabas, Nasarawa ta gabas da kudu, Kogi kuma ta kudu maso yamma. Ƙasar gangare ce daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Tsaunukan Bwari da na wajen Aso sun haura mita 700 daga doron teku, shi kansa birnin yana kan fili mai tudu da kwari a tsakanin mita 400 zuwa 500, idan kuma aka gangara ta Gwagwalada zuwa Abaji da kwarin kogin Gurara sai ƙasar ta yi ƙasa sosai. Wannan ne ya sa mutumin da ya kwana a Bwari ya wuni a Gwagwalada zai rantse ba yanki ɗaya ba ne saboda bambancin zafi. Zariya tamu tana sama da mita 600, shi ya sa sanyin hunturunmu ya fi nasu cizo.

Damina a can tana farawa a Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ke zuba a shekara kuma yana tsakanin milimita 1,100 zuwa 1,600, alhali mu a nan kusan 1,000 muke samu, kuma sai Mayu ko Yuni take kankama. Koguna irin su Usuma da Gurara duk kudu suke gangarawa su ƙare a kogin Kwara. To, ga ruwa, ga fili, ga dutsen gini a ko'ina, ga shi a tsakiyar ƙasa, ga kuma ƙarancin jama'a a wancan lokaci idan aka kwatanta da ƙasar Kano ko ƙasar Ibo. A ganina duwatsun da suka ba Makau da Abu Ja mafaka daga mahaya dawaki, da ƙudan tsando da ke kashe dawakin, su ne suka hana yankin cika da manyan garuruwa, daga baya kuma wannan rashin cikar ya zama abin da ya ja hankalin gwamnati.

Yaron_Gyallesu:
Malama, ina da gyara a maganar Malam Direba. Dutsen Zuma ai na Abuja ne, tunda shi ne a bayan tsohuwar takardar naira 100, kuma kowa da shi yake gane Abuja.

Malamar_Samaru:
Ƙanena, kasancewarsa a jikin kuɗi bai sauya iyaka ba. Zuma yana cikin jihar Neja, ana dai kiransa ƙofar Abuja ne saboda shi matafiyi daga arewa yake fara gani. Dutsen da ke cikin birnin shi ne Aso, wanda fadar shugaban ƙasa da Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli suke gindinsa.

Ɗan_Bwari_a_Wusasa:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina girmama malamaina, amma akwai mutanen da har yanzu ba a ba su wurin zama a wannan tattaunawa ba. A Wusasa aka haife ni, Hausa na tashi da ita, amma iyayena Gbagyi ne, wato Gwari, daga ƙasar Bwari. Lokacin da Makau ya isa Zuba, mutane ya tarar. Akwai Gbagyi, akwai Koro, akwai Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana, ga Egbura a wajen Abaji. Garki da Wuse da Maitama da Jabi da Asokoro da kuke ji a matsayin unguwannin masu kuɗi, sunayen ƙauyukan mutane ne da gonakinsu da kaburburan iyayensu. Sabon Wuse da Malam Direba yake wucewa kullum, mutanen Wuse ta asali ne aka kwashe aka kai can.

Kalmar ƙarancin jama'a da Malama ta yi amfani da ita, ita ce ta cuce mu. Da farko an ɗauka mutanen ba su da yawa, aka yi niyyar kwashe kowa a fitar da shi daga yankin gaba ɗaya. Da tawagar Farfesa Akin Mabogunje ta yi bincike a 1977, sai aka ga jama'ar ta ninka abin da aka zata, kuɗin diyya ya fi ƙarfin gwamnati, don haka a 1978 gwamnatin Obasanjo ta sauya shawara, aka ce sai wanda aikin birni ya taɓa za a tasa. Sakamakon haka mutane suka zauna a kan ƙasarsu amma ba su da ikon cewa tasu ce. Kawuna ya yi shekaru yana noman doya a gona ɗaya tun tashinsa, wata safiya ya tarar an kakkafa duwatsun iyaka masu lamba a tsakanin kunyoyinsa. Kuɗin da aka ba shi na amfanin da ke kai ne, doyar da itatuwan mangwaro, ita ƙasar ba a lissafa ta ba.

Bazazzagin_Kwarbai:
Ɗan'uwa, Allah ya ba Kawu haƙuri, kuma ba na musun cewa kun riga kowa zama a wurin. Amma ai tarihi ya nuna waɗannan ƙauyuka suna kai gaisuwa da haraji ga Sarkin Zazzau tun kafin jihadi. Idan ba haka ba, me zai sa Makau ya nufi can, mutanen Zuba kuma su karɓe shi?

Malam_Tudun_Jukun:
Malam Bazazzagi yana da ƙafar tsayawa a nan, sai dai a yi hattara. Gaskiya ne ikon Zazzau ya daɗe yana miƙawa kudu, kuma a zamanin Turawa Bwari da Kuje da Kwali da Zuba duk suna ƙarƙashin En'e ta Abuja ne, a lardin Neja. Don haka kaso mafi girma na ƙasar da aka yanka a 1976 daga masarautar Abuja ya fito. Gabashin yankin kuma, wato wajen Karu da Nyanya da Karshi, ya faɗo ne daga ɓangaren Keffi da Nasarawa, waɗanda a ƙarni na 19 suke biyayya ga Zazzau ta Fulani da ke nan Zariya. Ku tuna Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902 ya gudu Kano, wakilin Sarkin Zazzau ne a garin. Kenan Zazzau biyu ne suka ja wannan yanki a tsakaninsu, ta Haɓe daga yamma, ta Fulani daga gabas.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da yadda wannan iko yake. Wani ƙauyen yana biyan haraji ne don a bar shi ya yi noma lafiya, wani kuma ya hau kan dutse ya ƙi, ana kai masa hari ana kama bayi. Laƙabin Dodon Gwari ba a banza aka samo shi ba. Karɓar haraji daga mutum daban ne da mallakar gonarsa, ko a shari'ar Musulunci ko a al'adarmu.

Lauya_Kongo:
Ta fuskar doka maganar ba ta da tsawo. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ta ɗauke yankin daga hannun jihohin da yake ciki, wato Neja da Filato da Kwara, sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce mallakar dukan ƙasar yankin tana hannun gwamnatin tarayya. Sashe na 299 ya ce a ɗauki yankin kamar jiha, amma ba shi da gwamna, ba shi da majalisar dokoki tasa. Shugaban ƙasa ne ke naɗa minista, Majalisar Tarayya ce ke yi masa doka, sanatansa ɗaya ne alhali kowace jiha tana da uku, 'yan majalisar wakilai kuma biyu. Abin da mazauna ke zaɓa da kansu a matakin gida shi ne shugabanni da kansilolin ƙananan hukumomi shida: ta cikin birni da ake kira AMAC, da Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Saboda haka a gaban kotu ba Bazazzagi ba ne mai ita, ba kuma Ɗan Bwari ba ne, kuma wannan shi ne ainihin kukan 'yan asalin yankin.

Baba_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, ni na ga wannan al'amari tun yana takarda. Janar Murtala ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a watan Agusta na 1975, Tai Solarin ma yana ciki, suka zaga ƙasa suka kawo rahoto a Disamba. A jawabin 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya sanar da sabon babban birni, a jawabin da ya mayar da jihohi 19, wato ita kanta jihar Neja rana ɗaya aka haife ta da Abuja. Kwana goma bayan haka aka kashe shi. Dalilan barin Legas a fili suke: ruwa ya matse ta, babu filin faɗaɗawa, cunkoso ya kai intaha, ita ce kuma hedikwatar jiha da ta tarayya a lokaci ɗaya, sannan tana bakin teku a cikin ƙasar ƙabila ɗaya, ga ƙasa ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa ba.

Wani kamfanin haɗin gwiwa na Amurka ya zana taswirar birnin ya miƙa a 1979, Kenzo Tange ɗan Japan ya tsara tsakiyarsa. Shagari ya matsa wa aikin ƙwarai, amma sai 12 ga Disamba 1991 Babangida ya tare. Ma'aikatan farko na hukumar FCDA mai gina sabon birnin a Suleja suka yada zango, daga can ake shiga daji da safe a dawo da yamma. Lokacin da aka dawo da ma'aikatarmu daga Legas, titin ya fi mutanen da ke kansa yawa, za ka tsaya a unguwar Area 1 da la'asar ka ƙirga motocin da suka wuce da yatsunka, kuma in kana son nama mai kyau ko kayan miya sai ka tafi kasuwar Suleja.

Hajiya_Ƙofar_Doka:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma har yanzu ba a amsa batun Kaduna ba. Tana da jirgin ƙasa, tana da kogi, tana da barikoki da gine-ginen gwamnati, kuma ba ta da nisa da tsakiyar ƙasa. Da an kawo birnin nan kusa da mu, ai da an rage kashe kuɗi.

Baba_Mai_Ritaya:
Hajiya, abin da kika lissafa a matsayin alherin Kaduna shi ne ya hana ta. Ita ce hedikwatar Jihar Arewa, kujerar Sardauna, babu yadda mutanen kudu za su yarda a ɗauko mulki daga Legas a ajiye a can. Wurin da ake nema shi ne wanda Bahaushe da Bayarabe da Ibo babu mai cewa na gidansu ne.

Malam_Tudun_Jukun:
Ita ma Kadunar ai irin wannan zaɓe aka yi mata. Turawa sun fara zama a Lokoja, suka koma Zungeru a 1902, sannan Lugga ya zaɓi Kaduna, aka tare a 1917, kuma a ƙasar Gbagyi aka gina ta. Maƙwabtanmu ma sun yi haka. Faransawa sun ɗauke hedikwatar Nijar daga Damagaram suka mayar Yamai a 1926, Tanzaniya ta yanke shawarar komawa Dodoma a 1973 amma ta shafe shekaru fiye da arba'in ma'aikatu suna Darussalam, Kwaddibuwa kuma ta ayyana Yamusukuro a 1983 alhali har yau Abijan ce ke riƙe da harkoki. Idan aka auna da waɗannan, tamu ƙaurar ta tabbata da gaske.

Ɗan_Bwari_a_Wusasa:
Malam, na gode da ka ambaci cewa Kaduna ma ƙasarmu ce, ka haɗa da Minna. Maganar Baba kuwa, cewa ana neman wurin da manyan ƙabilu uku ba za su ce nasu ba ne, haka take, sai dai hakan ya nuna ba a lissafa waɗanda wurin yake nasu ba tun farko.

Malama_Zane_ABU:
Tunda an ambaci Kwali, kada a manta da Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. Bagwariya ce maginiyar tukwane, Sarki Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada, a can Bature Michael Cardew ya gan su, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954. Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Na kawo wannan ne don a ga dangantakar fadar Abuja da mutanen ƙasa ba yaƙi da haraji kaɗai ba ce, akwai zama tare da auratayya da ciniki, kuma sunan Abuja ya je Ingila da Amurka a jikin tukunya tun kafin a yi tunanin birnin.

Injiniya_Sabon_Gari:
Ni kuma ina so in koma kan maganar Malamar Samaru ta ruwa, domin lissafin 1976 ya daɗe da karyewa. Madatsar Usuma da ke wajen Ushafa ita aka gina don shayar da birnin, amma ta gaza, sai da aka jawo ruwa daga madatsar Gurara da ke kudancin jihar Kaduna ta bututu mai tsawon kilomita 75. Idan Malam Bazazzagi yana neman abin da zai ce namu ne a Abuja, to ruwan famfonta daga jiharmu wani kaso nasa yake zuwa. Ƙidayar 2006 ta ba yankin mutum kimanin miliyan 1.4, kuma kowa ya san an wuce nan nesa, ban da ɗimbin masu kwana a Mararaba da Masaka da Madalla da Suleja su shigo aiki da asuba. Gangaren da ya ƙawata birnin shi ke tara ruwa a kwaruruka, ga shi an yi gine-gine a kan hanyar ruwa, shi ya sa unguwanni irin su Lokogoma suke shan ambaliya. A Mpape kuma, inda aka daɗe ana fasa dutse, an ji motsin ƙasa a watan Satumba na 2018.

Bazazzagin_Kwarbai:
Na ƙaru ƙwarai. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai yanzu shi ne Suleja. An karɓi sunanta, an yanke mafi yawan ƙasar masarautarta, sannan aka bar ta a waje tana ɗaukar nauyin ma'aikatan da ba su iya biyan haya a birni. Ashe zuriyar Makau ma suna cikin waɗanda aka yi wa kaye.

Lauya_Kongo:
Ana iya kallonsa ta ɗaya gefen. Da an saka Suleja a ciki, da ƙasar garin ta koma hannun minista, da fadar ta rasa ta cewa a kan filayenta kamar yadda sarakunan cikin yankin suka rasa. Zamanta a Neja ya sa mutanenta suna zaɓen gwamna, har ma Sarkin Zazzau Suleja Alhaji Awwal Ibrahim ya yi gwamnan jihar daga 1979 zuwa 1983 kafin ya hau gadon sarauta.

Hajiya_Ƙofar_Doka:
Lauya, zaɓen gwamna ba ya gyara titi. Duk wanda ya shiga Suleja ya ga cunkoso da kwatoci, sannan ya ƙara gaba kaɗan ya ga titunan Maitama, zai san wanda ya ci riba a wannan rabo. Ni ina tare da Bazazzagi a kan cewa akwai haƙƙin Zazzau a tarihin wurin, ina kuma tare da Ɗan Bwari a kan gona.

Ɗan_Bwari_a_Wusasa:
Hajiya, na yarda da haƙƙin suna. Na ƙasa kuwa, sai ranar da aka ba yankin majalisarsa da gwamnansa za mu zauna mu yi wannan lissafi.

Direban_Kwangila:
Malam Injiniya, ina da tambaya a kan bututun Gurara da ka ambata. Ƙauyukan da ya ratsa ta cikinsu a wajen Jere da Bwari, suna samun ruwan ne, ko wucewa kawai yake yi? Ina tambaya ne domin har yanzu ina ganin mata da jarkoki a gefen hanyar duk lokacin da na yanke ta Jere na shiga Bwari.